Shekara uku muka ɓata kafin mu kai ƙanena asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ciwo da ya shekara goma sha ɗaya a gidanmu, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, mu kuma muke haɗa shi da ire-irensa mu ce hauka, ko taɓin hankali idan muna son sakayawa. A makon jiya na ga an wuce da wani saurayi ɗaure da igiya a bayan a-kori-kura, na tambaya aka ce gidan mari za a kai shi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin mu ma mun bi wannan hanya, kuma na san inda take ɓullewa.

Ƙanena yana da shekara 21, yana aji biyu a jami'a, sa'ad da abin ya same shi, kuma bai fara da ihu ko duka ba. Yaro mai fara'a da son ƙwallo ya koma kulle kansa a ɗaki, wanka sai an matsa masa, barci ya ƙaurace masa, karatu ya lalace. Muka ɗauka miskilanci ne, ko wata yarinya ce ta juya masa baya. Bayan wasu watanni ya daina cin abincin gida, wai ana zuba masa guba, ya ce mai karanta labarai a rediyo da shi yake, ya ce ana zare masa tunani daga cikin kai. Cikin dare mukan ji shi yana mayar wa wasu magana alhali shi kaɗai ne a ɗakin. Sai da ya samu sauƙi ya gaya mini cewa muryoyi biyu ne, suna zancensa a tsakaninsu, suna faɗin duk motsin da ya yi: ga shi ya tashi, ga shi ya zauna. Ina so mai karatu ya gane cewa a kunnen marar lafiya muryar nan tana nan sarai, kamar yadda kowa ke jin kiran salla, shi ya sa duk gardamar da muka yi da shi ba ta ƙara komai ba sai nisa a tsakaninmu.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce gamo ya yi, gwaggonmu ta ce jifa ne daga 'yan uba, da ya fara fita yawo yana kwana a waje kuwa sai aka ce kurciya. Shekara uku muka yi muna rubutu da hayaƙi da ruƙiya, aka sayar da gona, daga ƙarshe ya yi wata huɗu a mari, kuma har yau tabon yana idon sawunsa. Ban ga laifin iyayenmu ba, don ƙauna ce ta sa su, kuma iyakar abin da suka sani ke nan.

Ranar da muka kai shi asibiti na zaci za a ɗebi jini ko a ɗauki hoton kai a nuna mana ciwon. Likita ya ce babu gwajin jini ko hoton da ke tabbatar da wannan ciwo. Ya zauna da shi fiye da awa guda yana tambayarsa, sannan ya kira mu ya bi labarin tun daga farko. Gwaje-gwajen da aka yi don a kawar da wasu cututtuka ne da ke ruɗa hankali, irin su zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, farfaɗiya da shaye-shaye. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, sai alamun sun kai aƙalla wata guda kafin a ba ciwon wannan suna, likitocin Amurka ma sai an kai wata shida. Wannan bambancewa tana da muhimmanci, domin akwai ruɗewar da kan zo kwatsam ta wuce cikin 'yan makonni, akwai wadda ke tafiya tare da matsanancin baƙin ciki ko zumuɗin da ya wuce kima, akwai kuma wadda kan kama mai jego a makonnin farko bayan haihuwa, mace ɗaya zuwa biyu cikin 1,000, wadda ke buƙatar asibiti a ranar, saboda ran uwa da na jariri.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ne ke da sikizofireniya, wato kusan ɗaya cikin 300, kuma ana samunsa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan kurciya ba, da irin waɗannan muryoyi da irin wannan zargi. Galibi yakan kama maza daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai, mata kuma a ɗan baya. Gado yana da hannu: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon, haɗarinsa ya kai kusan ɗaya cikin 10. Amma ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, ɗayan yakan tsira a kusan rabin lokuta, abin da ke nuna gado shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Wahalar haihuwa tana ƙara haɗarin, haka ma shan wiwi tun da ƙuruciya. Sai dai ƙanena ko taba bai taɓa sha ba, kuma zargin shaye-shaye da aka riƙa yi masa a unguwa ya ƙona masa rai ƙwarai.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1952 aka fara amfani da kulofuromazin a Faransa, daga baya aka samu halofaridol, risfaridon, olanzafin da sauransu, dukkansu suna rage aikin wani sinadari da ake kira dofamin a ƙwaƙwalwa. Sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu sosai. Cikin wata biyu da fara magani ƙanena ya koma cin abinci tare da mu a kwano ɗaya, kuma ranar da ya tambaye ni lafiyar 'ya'yana da sunayensu sai da na fita waje na yi kuka.

A nan ne muka yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo a raina, don wannan karo da ni aka yanke shawarar. Bayan wata takwas muka ga ya warware, ga maganin yana sa shi barci da ƙiba da sanƙarewar jiki, ga tsada, sai muka ce Alhamdulillahi, a ajiye. Ba a yi wata biyar ba ciwon ya dawo, kuma dawowar ta fi zuwan farko tsanani. Da mun koma wurin likita mun faɗi damuwarmu, da ya rage ƙwayar ko ya sauya ta, kamar yadda ya yi daga baya da ya mayar da shi kan allurar wata-wata. Wannan ciwo yana kama da hawan jini da ciwon suga: ana riƙe shi ne da magani, kuma likita ne kaɗai zai ce a rage ko a daina. Wanda magunguna biyu suka gaza a kansa ma akwai kulozafin, sai dai shi yana buƙatar gwajin jini a kai a kai.

Ban ce a bar addu'a ba, mu ma ba mu bari ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu suna karɓar maganin asibiti, har yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya. Abin da ba ya halatta shi ne sarƙa da bulala. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a watan Satumba na 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300. Yawancin masu wannan ciwo ba sa cutar da kowa, su ake cutarwa, kuma kusan biyar cikin 100 sukan kashe kansu.

A watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ina roƙon gwamnatin Jihar Kaduna ta sa a gani a ƙasa, ta kai waɗannan magunguna ƙananan asibitoci a farashi mai sauƙi, don mutumin Giwa ko Soba ya daina fasa allura saboda kuɗin mota. Ina kuma roƙon limamanmu su ambaci wannan ciwo a huɗuba, domin wurinsu ake fara zuwa, kuma maganarsu ake ji.

Yau ƙanena yana ɗinki a Sabon Gari. Bai koma jami'a ba, kuma yakan ce wani lokaci muryar takan ɗan taso daga nesa, amma ya san ta, ba ya amsa mata. Idan iyayen saurayin nan na bayan a-kori-kura suna karanta wannan jarida, akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Don Allah ku kwance shi ku kai shi.

Wassalam.

Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya