Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kafin Ya Kama Hanyar Duwatsun Roki

Ɗana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso gare ni, na kuma fahimci cewa kai da abokanka kun ƙudura niyyar ɗaukar mota a wannan hutu na bazara domin ku ratsa gandayen dajin Amurka da ke cikin duwatsun Roki, daga Kolorado zuwa Wayomin har Montana, kuna kwana a tanti, kuna hawan tsaunuka da ƙafa. Na amince maka da zuciya ɗaya. Abin da nake roƙonka shi ne ka koyi juyowa da baya a kan lokaci, ko da ƙololuwar dutsen tana gaban idonka, domin samartaka ba ta son a ce ta kasa, kuma wannan halin ne ya fi damuna.

Ka fara da sanin abin da tsawo yake yi wa jiki. A gandun Rocky Mountain, titin Trail Ridge yana hawa har ya zarce mita 3,700 sama da teku, alhali daga wajen mita 2,500 ne ƙarancin iska yake fara taɓa mutane da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da rashin barci. Mota za ta kai ku can cikin ɗan lokaci, amma jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya saba, kuma ƙarfin ƙirji ba ya hana wannan ciwo kama mutum. Ku yi kwana ɗaya ko biyu a ƙasa-ƙasa tukuna, domin sauri kan haifi nawa. Idan kuwa ka ga ɗayanku yana tangaɗi, ko maganarsa ta fara rikicewa, ko yana haki alhali a zaune yake, ku sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, kada ku saurari cewar da zai yi wai zai warware da safe.

Hadari ma yana da lokacinsa. A watannin Yuli da Agusta gari kan waye tangaran, sai bayan rana ta raba tsaka gajimare ya haɗu, aradu ta fara faɗuwa a kan tuddai, inda babu itace ko ɗaya, inda mutum a tsaye shi ne abin da ya fi komai tsawo. Saboda haka ku tashi tun da asuba, ku tabbata kun juyo kun shiga cikin itatuwa kafin tsakar rana. Da zarar kunnenka ya ji rugugin tsawa, hawan wannan rana ya ƙare. Ka riƙe rigar ruwa da ta sanyi a jaka kullum, domin zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, kuma jiƙaƙƙen tufafi a cikin iska yana iya kayar da ƙato.

A Yellowstone, gandun da aka kafa tun 1872, doka ta ce a bar tazarar mita 23 tsakanin mutum da ɓauna, da mita 91 tsakaninsa da kyarkeci ko beyar, wato wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata. Ɓaunar tana kiwo kai a sunkuye kamar ba ta gan ka ba, amma ta fi ka gudu nesa ba kusa ba, kuma babu hoton da ya kai darajar haƙarƙarinka. Abinci, sabulu har da man goge baki, duk su kwana a akwatin ƙarfen da aka tanada ko a cikin mota a kulle, kada ko ɗaya ya shiga tanti. Feshin korar beyar ya kasance a ƙugunka, inda hannu zai kai gare shi nan da nan. Kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi kada ƙafarka ta sauka daga katakon da aka shimfiɗa, domin ƙasar wurin ɓawo ce marar kauri, tafasasshen ruwa yana ƙarƙashinta.

Ruwan rafi, komai tsabtarsa a ido, ku tace shi ko ku tafasa. Kada ku kunna risho a cikin tanti a rufe, domin iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da wari ba.

Game da tuƙi, titin Going-to-the-Sun na gandun Glacier dusar ƙanƙara kan rufe samansa har ƙarshen Yuni, wani lokaci har cikin Yuli, don haka ku bincika kafin ku doshe shi. A gangare mai tsawo ka sa ƙaramar giya, injin ya riƙe motar; idan ka ji ƙaurin birki, ka ratse gefe ka jira ya huce. Wanda barci ya fara fizga ya miƙa makulli ga wani ba tare da gardama ba.

Waya ba ta kamawa a yawancin waɗannan wurare, saboda haka ka sayi taswirar takarda, ka kuma riƙa tambayar ma'aikatan gandun halin da hanya take ciki kafin kowane hawa. Kafin ku tashi, ka aiko mini da jerin inda za ku kwana da ranar da zan sa ran jin muryarka daga kowane zango. Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana kuma sa maka albarka. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da ku lafiya.

Ni ne,
Mahaifinka.