Buhu uku da ruwa ya ci mini a Birni

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan shirin da kuka yi kwanan baya game da tanadin cimaka a gida. Baƙon da kuka gayyato ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Sai dai da ya shiga lissafa abincin gwangwani da biskit da ruwan roba na kwana uku, uwargidana tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan da mu yake ko da mutanen Turai?"

Gaskiyarta. Mu a Damagaram matsinmu ba na kwana uku ba ne. Yana farawa tun bazara, rumbunan ƙauye sun yi ƙasa, ya bi mu har tsakiyar damina lokacin da gero ke gona bai nuna ba, tiya kuma ta hau a Kasuwar Dole. Kowace shekara haka yake, bambancin kawai tsanani. Kakanninmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba. Ni da idona na ga ta 1984 da ake kira El-Buhari, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Yaranmu sun ga 2005 da 2010. Amma duk da haka mu mutanen gari mun watsar da rumbu, mun koma awo kullum, tiya biyu da safe, gobe kuma Allah ya kai mu.

Abin da ya farkar da ni shi ne 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Na ce ba za a sake kama ni haka ba. Da kaka ta yi na sayar da rago biyu, na haɗa da ɗan abin da ke hannuna, na sayi buhun gero bakwai daga wajen wani ɗan'uwa a ƙasar Mirriya. Gidana mu goma ne da yara, tiya biyu muke ci a wuni, buhu kuma tiya arba'in ne, ka ga kwana ashirin ke nan. Na tsara cewa ba za a taɓa su ba sai hatsi ya yi tsada. Na jera su a ɗakin da ke kusa da zaure, a ƙasa, jingine da bango, na sa kwaɗo na rataya makulli a wuyana ina jin kaina wani ƙasaitaccen magidanci.

Uwargida ta ce a ɗora su a kan bulo da katako, a janye su daga bango. Na ce mata ruwa bai taɓa shiga ɗakin nan ba tun zamanin mahaifina. Ba ta sake magana ba.

Kowa ya san abin da daminar 2024 ta yi. A farkon Satumba tsohon masallacin nan na Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya zube muna gani. A faɗin ƙasa mutum sama da 300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mu gidanmu bai faɗi ba, alhamdulillahi, amma ruwan lungu ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa cikin dare, bangon kuma ya sha ya ƙoshi. Lokacin mun ci buhu huɗu, saura uku. Ni da makulli a wuya hankalina na kan rufin ɗakin yara, sai bayan kwana biyu na buɗe ɗakin hatsin. Warin da ya tarbe ni har yanzu yana hancina. Gindin buhunan ya kumbura, geron ya fara tsiro, tsakiya ya yi zafi kamar an dafa. Muka baza a tabarma, rana ta ƙi fitowa. Abin da muka tsira da shi bai kai tiya ashirin ba. Wato abincin kusan wata biyu na zubar saboda bulo takwas da na raina.

Shi ya sa nake ganin shirin naku ya tsaya a "ku saya ku ajiye", alhali rabin aikin yana wajen yadda za a ajiye. Mahaifiyata, Allah ya yi mata rahama, ba ta yarda a sussuke gero duka. A dami ake barinsa cikin rumbu, domin zangarniya tana shekaru ba ta lalace ba, tsaba ba ta kai ta daɗewa ba, gari kuwa in ya yi 'yan makonni sai ka ji ya fara ɗaci. Rumbun kansa a kan duwatsu yake zaune, iska na ratsawa ta ƙasa. Ilimin da na tashi ina gani kullum, na zo birni na manta.

Wake ma ya fi gero rigima. Ka zuba shi a buhu sumul, bayan wata biyu ka buɗe ka tarar ƙwari sun mayar da shi rariya, don ƙwan nasu tun daga gona yake biyo shi. Iyayenmu da toka ko yashi mai laushi suke cakuɗa shi. Yanzu akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen gwadawa da yaɗawa: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a matse iska a ɗaure shi daban. Ƙwaron ya rasa numfashi ya mutu, ba a zuba komai ba. Sharaɗin dai waken ya bushe ƙayau, kada ɓera ya huda, kada kuma a riƙa buɗewa kullum. Wanda ba shi da kuɗinsa, jarkar man girki da aka wanke ta bushe tana yin aikin, in an cika ta maƙil an toshe baki. Ban da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur. Ina faɗin wannan ne don na ga magidanta suna jefa ƙwayar maganin ƙwari a buhu su ajiye a ɗakin da yara ke kwana. Iskar da ƙwayar nan ke fitarwa guba ce, tana kashe mutum. Haka gyaɗar da ta jiƙa ta yi funfuna, kada a ce asara a soya wa yara, tana illa ga hanta.

Kayan miya ban da abin cewa, mata sun fi mu sani: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, gabu, daddawa, gishiri da kanwa. Namu kawai mu ba da kuɗin lokacin da suke araha.

Sai ruwa, wanda baƙonku ya wuce shi da jimla ɗaya. Garin da ke zaune a kan dutse, da ake jawo masa ruwa daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, ba a wuce maganar ruwansa da gudu. In zafi ya tsananta a Afrilu da Mayu famfo na iya yin kwanaki shiru, 'yan ga-ruwa su ƙara kuɗi, su ma sai ka yi sa'a. Gida ya samu randa ko duro mai murfi, a riƙa juya ruwan kada ya kwana biyu ya yi gansakuka, a kuma hana yara tsoma moɗar da ta faɗi ƙasa. Bayan ambaliya kuwa, ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa. Kuma kada a yar da turmi da taɓarya. Da wuta ta yi ta ɗaukewa a 2023 injin niƙan unguwarmu ya tsaya, gidajen da suke da hatsi amma ba turmi sai aro suka yi ta yi.

Na san abin da wani zai ce: mai neman na yau ina ya ga na ajiya? Ban musa ba. Amma na ga matar wani maƙwabcina, mai sayar da ƙosai, tana ɗebe dintsi ɗaya daga kowane awo ta zuba a jarka tun daga kaka. Da damina ta tsananta ita ta ranta wa gidaje biyu. Wani kuma zai ce ajiya ɓoye ce, addini ya hana. Wanda aka tsine wa shi ne mai tara hatsin jama'a yana jiran ya yi tsada. Magidancin da ya tanadi na bakin iyalinsa daban. Ai ko Annabi Yusuf, alaihissalam, cewa ya yi a bar hatsi a zangarniyarsa. Kuma a garin nan wa ya taɓa cin ajiyarsa shi kaɗai? Cikin buhu huɗun da na ce mun ci, kusan ɗaya ƙauye ya koma a ƙullin baƙi. In za ka lissafa, ka sa da su.

Roƙona, Malam Edita, ku maimaita shirin nan a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da sabon gero ya shigo kasuwa kuma manomi ke karyar da shi don biyan bashi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ku gayyato tsohuwa ɗaya daga ƙauye da malamin gona ɗaya, a yi da Hausa da Barbarci. In OPVN, hukumar cimaka ta ƙasa, za ta fitar da hatsi mai rahusa, ku sanar da rana da wuri tun da sauran lokaci, don sau da yawa sai an gama muke ji.

Ni dai bana buhuna na kan bulo, taku ɗaya daga bango, takardun haihuwar yara na cikin leda a saman sif. Makullin kuma yana hannun uwargida.

Naka mai sauraro kullum,
wani magidanci daga unguwar Birni, Damagaram.