Shayin da ba shayi ba

Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya lau. Ya sanyin Leeds? Mu ma hunturu ya sauko, leɓe duk ya tsattsage, amma na san namu wasan yara ne a kan naku.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi na yi dariya har uwargida ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Wato maƙwabcinka ya ce ka zo “tea” ƙarfe shida, kai kuma ka loda wa cikinka taliya kafin ka fita don kada yunwa ta tona maka asiri a gidan mutane, sai ka tarar da tebur maƙil da kifi da dankali. Haka mutanen arewacin Ingila suke, abincin yamma shi ne “tea” a bakinsu, na rana kuma “dinner”. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da alli ina koyar da Turanci, ban taɓa gaya wa ɗalibi haka ba, don ba ya cikin manhaja.

Batun “sorry” kuwa, ban yarda ka yi kuskure ba. Tsoho ya yi tuntuɓe a gabanka, ka ce masa “sorry”, ya juyo ya ce ai ba laifinka ba ne. To wa ya ce laifinka ne? Sannu ka yi masa. Na je na duba asalin kalmar: 'yar'uwar “sore” ce, wato ciwo, kuma a tsohon Turanci ma'anarta mutumin da ransa ke masa zafi. Ka ga kenan yadda muke faɗinta ya fi kusa da tushe. Su ne suka matse ta har ta kusa komawa ban-haƙuri kaɗai. Ka ci gaba da yi musu sannunka, za su saba.

Ka tuna ƙamus ɗin nan mai jan bango da muka yi karo-karo muka saya a kasuwar Sabon Gari muna aji huɗu? Yana nan. Gara ta cinye bangon da shafukan farko, yanzu daga tsakiyar harafin A yake farawa. In aka ɗauke wuta da dare, shi nake buɗewa da fitilar waya, duk inda yatsana ya faɗa in karanta. Da ma'anar kawai nake dubawa, yanzu ƙananan rubutun da ke faɗin inda kalma ta fito su suka fi ja na.

Dubi “nice”, wadda kowa ke jefawa a kan riga da abinci da mutum. Daga Latin ta fito, inda take nufin wanda bai sani ba, kuma da ta shigo Turanci ma'anarta wawa. Sai da ta yi ɗaruruwan shekaru tana sauya riga kafin ta zama yabo. Tun da na san haka, in wani ya ce mini “you are nice” sai na ɗan dube shi sau biyu.

Wadda ta fi ɗaure mini kai ita ce “alcohol”. Larabci ce, al-kuhl, wato kwallin nan da kakarmu ke zuba wa a 'yar tandu tana ranbaɗa wa jarirai a ido. Masu haɗa magunguna na Turai suka ari kalmar suna kiran duk wani gari mai laushi da ita. Daga nan ta koma sunan duk abin da aka tace aka fitar da ainihinsa, har da abin da ake tacewa daga ruwan inabi. A hankali sauran ma'anonin suka zube, ta tsaya a kan barasa. Daga idon jariri zuwa kwalba, ka ji tafiya. Da na gaya wa liman ɗin unguwarmu, shiru ya yi can ya ce, “Kalma ma tana lalacewa in ta bi mugayen abokai.” Akwai ire-irenta da yawa daga Larabci: “admiral” daga amir, “magazine” daga makhazin, wato rumbunan ajiya.

“Quarantine” kuma arba'in take nufi a bakin mutanen Venice ta Italiya, kwanakin da ake tsare jirgin ruwa a wajen gari lokacin annoba kafin a bar mutanen ciki su sauka. Sai na tuna mai jego da arba'in ɗinta. A 2020 kwana goma sha huɗu aka riƙa killace matafiya, amma sunan bai ragu ba, arba'in ɗin dai ake kira.

Wani yaro a ajina, irin masu haddace manyan kalmomi don burga, ya rubuta mini cewa an yi wa ɗan ajinsu “defenestration” daga ƙungiyar muhawara. Na kira shi na ce, ta wace tagar? Ya tsaya yana kallona. Kalmar tana nufin wurgo mutum ta taga, kuma tana da tarihi: a 1618 a birnin Prague, Furotesta suka jefo wakilan sarki biyu da magatakardansu daga tagar fada. Duk ukun sun rayu, amma rigimar ta buɗe yaƙin da aka shekara talatin ana gwabzawa, sai 1648 ya ƙare. Gaskiya Turawa kan ari kalmar su ce an tsige wani daga muƙami, don haka na ba yaron makinsa. Na dai roƙe shi ya riƙa cewa an kore shi, ya bar tagogin makaranta su huta.

Mu ma ba mu bar tasu yadda muka same ta ba. “Barracks” gidan soja ne kawai, amma ka ce wa dattijo ɗansa ya zama ɗan bariki ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. “Colonel” su kansu rubutun daban, furucin daban, mu muka hutar da kanmu muka ce kanar. “Copper” kuwa, jan ƙarfen da ake buga ƙaramin kuɗi da shi, ya zama kwabo a bakinmu, kuma a 1973 da aka bar fam da sule sai ga shi a jikin kuɗin ƙasa, naira da kobo. Yanzu har kaya sun fara komawa inda suka fito. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya guda 29, ciki har da okada da danfo da Kannywood. In Bature ya gyara maka Turanci, ka ce masa “next tomorrow” ma tana cikin ƙamus ɗinsu, ya je ya duba.

Gargaɗi ɗaya kafin in ajiye biro. A yankin da kake, mai kanti ko direban bas zai iya ce maka “love”, mace ko namiji, kuma ba komai a ransa, kamar dai a ce maka “ɗan'uwa” ne a tasha. Ka yi wa amarya wannan bayani tun kafin bizarta ta fito, kada ranar farko a kanti ta zama ranar shari'a.

Na je gida ranar Juma'a. Hajiya tana lafiya, ƙafar ta yi sauƙi, ta ba ni kuka da daddawa in nemi mai zuwa. Ta ce in tambaye ka ko kana samun tuwo, ban dai ba ta labarin shayin ba tukuna. In ka shiga kantin tsofaffin littattafai ka ga ƙamus mai faɗin asalin kalmomi, ko ya sha hannu, ka riƙe mini, amma ka duba ka tabbatar harafin A ɗinsa cikakke ne.

Yara suna gaishe ka. Ka gaida 'yan'uwa na masallacinku.

Naka har kullum,
Abokin zamanka na benci ɗaya.