Ciyawa ta yi kore shar, amma shanu na lasar ƙasa

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu kiwo, musamman mu da muka fara noman ciyawa saboda burtali da wuraren kiwo sun ƙare.

Bara na zuba ma gonar ciyawata takin zamani NPK 15-15-15 ba ƙaƙƙautawa, ga kuma taki da fitsarin garke a kai, ciyawa ta tashi shar gwanin sha'awa. Amma wallahi sai na ga shanuna na lasar ƙasa da bango, har tsumma suke taunawa, nono ma ya ja baya. Wani malamin gona ne ya warware min. Wannan K ɗin da ke jikin buhu sinadarin fotashiyam ne, kuma ciyawa in ta same shi da yawa kwasa take yi fiye da buƙatarta, to a bakin saiwa sai ya danne sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) da maganiziyam da kalsiyam, su shiga kaɗan. Kenan saniya ta cika tumbi amma gishirin jiki babu, ga shi mai shayarwa kullum sodiyam na fita ta nono. Ƙarancin maganiziyam ɗin ma ya fi ban tsoro, don yakan sa dabba karkarwa ta faɗi tana shure-shure, mu kuma mu ce iska ce ko sammu.

Abin da ya ɗaure min kai, kanwar nan da 'yan boko ke ce ma potash kamar dai fotashiyam ce, ashe yawancinta sodiyam ce. Iyayenmu da ke jiƙa ma shanu kanwa su aje musu kantun gishirin Balma ba a banza suke yi ba, haka Fulani da Buzaye da ke kora dukiya zuwa Ingal a Nijar ƙarshen damina don lasar gishiri. Mu ne muka saki wannan muka kama buhu.

Ni ban ce a bar takin zamani ba fa, a dai raba shi kashi-kashi bayan kowane yanka, kada a juye lokaci ɗaya, kuma gishirin lasa kada ya yanke a garke. Sannan ina roƙon masanan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, su riƙa shiga rediyo da Hausa suna faɗa mana wace ciyawa ce ke riƙe sodiyam, don na ji ciyawar Rhodes tana riƙewa sosai, karan masara kuwa kusan babu.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wani mai kiwo daga Zariya