Kira ga Masu Gyara Wikipedia ta Hausa: A Waiwayi Kifin Shak

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu masu aikin sa kai a Wikipedia ta Hausa zuwa ga wani fanni da ya cancanci kulawa fiye da wadda yake samu, wato halittun teku, musamman kifin shak.

A Wikipedia ta Turanci akwai wani rukuni na 'yan sa kai mai suna WikiProject Sharks, waɗanda suka ɗora wa kansu nauyin inganta maƙalolin da suka shafi wannan kifi, ba tare da an biya su ko sisi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarinsu. Suna tattara maƙalolin a wuri ɗaya, su ba kowace daraja gwargwadon ingancinta, tun daga guntuwar da ba ta wuce layi uku ba har zuwa wadda ta kai matsayin zaɓaɓɓiya, ta yadda duk wanda ya shigo zai ga inda ake buƙatar hannunsa. Idan saɓani ya taso a kan wani adadi, sai a koma shafin tattaunawa, kowa ya kawo madogararsa, kuma tarihin gyare-gyare yana nan a buɗe, ana ganin wanda ya canza me da ranar da ya canza.

Na san wani zai ce ina ruwan mutumin Katsina ko Damagaram da kifin da bai taɓa gani ba. Amsa ita ce 'ya'yanmu suna ganinsa kullum a bidiyon Facebook da TikTok, kuma abin da ake nuna musu bai wuce dodo mai haɗiye mutane ba. Ɗalibanmu na sakandare suna karanta bambancin kifi mai ƙashi da kifi mai guringuntsi a darasin ilimin halittu, shak kuwa shi ne babban misalin na biyun. Bayan haka, Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, masunta a yammacin Gana suna kama shak, Hausawa kuma suna zaune a Legas da Takoradi da Fot Sudan, a bakin ruwan da wannan kifi yake yawo.

Mai karatu da Hausa ya kamata ya san cewa shak ya haura nau'i 500. Mafi girmansu, wanda shi ne kifi mafi girma a duniya, yana iya kai mita 18, amma ba ya farautar kowa, tace ruwa yake yi yana cin ƙananan halittu. Mafi ƙanƙanta kuwa bai wuce tsawon tafin hannu ba. Akwai nau'in da ke baro teku ya shiga koguna irin su Zambezi da Amazon. Kundin da gidan tarihin halittu na Fulorida a Amurka yake ajiyewa ya nuna cewa mutanen da shak ke kashewa a duk duniya ba su cika wuce goma a shekara ba, alhali wani bincike na 2013 ya kiyasta cewa mutane suna kashe shak kusan miliyan 100 duk shekara, saboda namansa da kuma fiffikensa da ake miya da shi a ƙasashen Asiya. A 2021 mujallar Nature ta wallafa cewa yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin ɗari tun daga 1970, kuma a Nuwamban 2022 taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Panama ya sanya nau'o'i da dama a ƙarƙashin dokar cinikin ƙasa da ƙasa.

Sai dai irin wannan bayani ba ya jure gaggawa, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Idan aka shiga gasar yawan maƙaloli, sai mutum ya zuba rubutu a manhajar fassara ya wallafa ba tare da ya sake karantawa ba. A ɗauki babban farin shak, wanda tsawonsa ke kai ƙafa 20, wato mita shida: mai gaggawa zai iya rubuta mita 20, ya mayar da shi ya fi kifi mafi girma a duniya, ɗalibi kuma ya kwafa ya kai wa malaminsa. Haka ma shak na tekun Girinlan, wanda binciken 2016 ya kiyasta shekarun mafi tsufansu tsakanin 272 da 512. Wanda ya rubuta "shekara 500" kawai ya yi shiru ya faɗi abin da masu binciken ba su faɗa ba. Mutum ɗaya ba ya ganin irin wannan kuskure a rubutunsa, sai an samu ido na biyu.

Shawarata ga ƙungiyar masu gyara Wikipedia ta Hausa ita ce su kafa ɗan ƙaramin rukuni na halittun ruwa, su raba aiki. Wani ya rubuta, wani ya bi kowane adadi ya gwada shi da FishBase, wato rumbun bayanan kifaye na intanet, da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, wani ya karanta Hausar da ƙarfi ya ji ko ta zauna a kunne, wani kuma ya zaɓo hotuna daga Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su. Ina kuma kira ga malaman ilimin halittu na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da masana na cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, da su ba da ko da awa ɗaya a wata domin duba abin da aka rubuta. A fara da nau'i goma, a sa wanda ke shiga koguna da mai kan guduma a sahun gaba, kada a wuce zuwa na sha ɗaya sai an tabbatar kowace jimla a goman farko tana da madogara.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani malamin ilimin halittu, Zariya