Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Malaman Sakandarenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya. Mu iyayen yara, tare da dagatai, masu unguwanni da limaman wannan gunduma, mun kawo kukanmu kan makarantar sakandaren gwamnati da 'ya'yanmu ke zuwa.

A wannan karon ba gini muke roƙo ba, maganar masu riƙe da alli ce. Lissafi, Turanci da kimiyya duk sun koma hannun 'yan bautar ƙasa da 'yan sa-kai. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi, kafin ya gama sanin sunayen yara ya ɗaure kayansa. 'Yan sa-kan kuwa 'ya'yanmu ne, wani da digiri, wani da difloma, ƙungiyar iyaye ke ba su ɗan na sabulu. Sun san karatun, wannan ba mu musa ba. Sai dai ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake tsara darasi, ko yadda ake jan yaron da ya iso aji ɗaya bai iya haɗa baƙi ba. Sai su cika allo da rubutu, yara su kwafe. Ranar WAEC da NECO kuma iyaye su sha kunya.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar da malami zai shiga aji da ita, hukumar TRCN da aka kafa a 1993 kuma ita ke yi wa malamai rajista. Mun ga yadda Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017. Mu ba kora muke nema ba, ranka ya daɗe. In aka kori waɗannan samarin, kujeru kawai za su rage a ajin.

Horo muke nema. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, tun 1976 aka kafa ta saboda malamin da ke bakin aiki: yana koyarwa, yana karatu a ƙarshen mako har ya samu NCE, mai digiri kuma ya samu PGDE, wato babbar diflomar koyarwa. Muna roƙon ka kai maganarmu gaban Mai Martaba da Ma'aikatar Ilimi, a buɗe mana wurin karatun NTI a nan makarantar. Ƙaramar hukuma ta ɗauki kuɗin karatun da na rajista, wanda aka biya wa kuma ya sa hannu cewa zai zauna ya koyar a nan. A fara da mata, don iyaye da dama ba sa sakin 'ya mace zuwa babban aji in babu malama.

Sannan a duba ƙwararrun da ake turo mana, waɗanda ba sa rufe zango sai takardar sauyi zuwa birni ta iso.

Mu ne masu biyayya,
Iyayen yara da dattawan gunduma.