Kafin ku ba mai walda aikin kejin shuga gilaida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki. Don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wata 'yar dabba da bidiyonta ya cika TikTok da Facebook, wacce ake ce ma shuga gilaida, mai dara-daran idanu da baƙin zane tun daga goshi har gadon baya, zaka ga mutum ya ɗaga hannu sai ta ware fatar gefen jikinta ta taho a iska ta dira a tafinsa. Ni a Malesiya nake zaune, a nan kiwonta ba baƙon abu bane, ni kaina ina da guda biyu. Tunda 'yan uwa suka san haka saƙo baya yankewa a wayata, wannan ya ce in taho masa da ɗaya in zan dawo, wancan ya ce shi har ya gama magana da mai waldan layinsu zai haɗa masa keji da ragowar wayar kaji. Toh maganar kejin nan ce ta sa na rubuto, domin keji mara kyau kaɗai yana iya kashe dabbar nan, tun ba a kai ga batun abinci ba.

Asalinta daga dazukan Ostireliya ne da tsibirin Niyu Gini da wasu tsibiran Indonesiya. Da ganinta zaka ce ɗan kurege, amma dangin kangaru ce, uwar tana da jaka a ciki, cikinta kwana 16 ne kacal sai ta haifi ɗan abu ya rarrafa ya shige jakar ya yi kusan kwana 70 a ciki. Babbarta bata wuce giram 100 zuwa 150, tsawonta har da wutsiya kusan ƙafa ɗaya. A daji saman bishiya take rayuwa, bata cika taka ƙasa ba, kuma tsalle ɗaya daga wannan bishiya zuwa waccan tana iya cin mita 50 a iska. Dabbar da Allah ya yi wa wannan halitta ita ce wani yake so ya saka a akurki mai faɗi wanda tsayinsa bai kai gwiwa ba. Ita tsayi take buƙata fiye da faɗi. Mafi ƙanƙantar abin da masu kiwo suka yarda da shi na guda biyu shi ne ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, ƙafa 3 tsayi, ni kuma gaskiya ko wannan ɗin ina ganin takura ne, tunda da hannunka zaka haɗa ba saya zaka yi ba, meye na rowa, ka kai shi ƙafa 5 ko 6 ya kusa kai tsayinka.

Sai raga, kuma a nan ne aikin yake. Ramin ragar kada ya wuce rabin inci, wato santimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Duk inda kanta ya shige to jikin ma zai bi, 'ya'yan kuwa ba a magana. Wayar kaji da muka saba da ita raminta ya yi faɗi, sannan siririya ce mai murɗaɗɗen baki, tana yanka 'yan yatsunsu. Amma babbar matsalarta ba ma wannan bace. Wayar nan mai sheƙi an yi mata ruwan zinki ne, irin wanda ake yi wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Dabbar tana fitsari a jikin raga tana hawa, tana lasa, fitsarin yana cin ruwan zinkin a hankali har ya fara fitar da wani farin gari, shi kuma guba ne a cikinta. Baza ka ga komai ba a satin farko, sai dai ka ga ta rame ta daina cin abinci kana ta tunanin ko sanyi ne. Fenti ma ba mafita bane, in ka ce mai walda ya fesa mata fentin mota ko na ƙofa, haƙoranta na ƙasa dogaye ne masu kaifi waɗanda take ɓare bawon bishiya da su, zata kankare fentin ta haɗiye. Abin da ake nema shi ne ragar da aka lulluɓe da robar PVC tun daga masana'anta, ko ragar roba zalla mai ƙananan ramuka, ko ƙarfe mara tsatsa in aljihu zai ɗauka.

Kafinta ma ku bar shi ya huta. Katako yana shan fitsari, kuma namijin dabbar nan yana da wani gurbi a goshi da ƙirji mai fitar da wari, da shi yake goga wa komai alama cewa nan gidansa ne. Firam ɗin katako in ya sha wannan na wata biyu uku, wallahi ko da omo da buroshi ka kwana kana wanki warin ba zai fita ba, matar gida ce zata fara korar ku kai da dabbar.

Yadda yawancin masu haɗawa a gida suke yi, kuma haka na haɗa nawa, da bututun ruwa ne na PVC, farin nan da masu aikin famfo ke sawa. Ka sayi mai kaurin inci uku bisa huɗu, ka yanka guda huɗu dogaye na tsaye, takwas gajeru na sama da ƙasa, ka haɗa kusurwoyin da gwiwa mai baki uku. In kejin ya yi tsayi ka ƙara zagaye ɗaya a tsakiya don kada ya riƙa lanƙwasa. Kafin ka ɗaura raga ka wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan ruwan khal ka shanya ta, sabuwar roba tana da wari. Sai ka ja ragar ta miƙe sosai a jikin bututun ka ɗaure da igiyar robar nan da masu wayarin suke ɗaure wayoyi da ita, wacce in ka ja bata komawa baya, kusa da kusa, tazarar yatsa biyu zuwa uku, kada ka yi tsimi. Ga inda mutane ke sakaci: in ka datse jelar igiyar tana barin wani ɗan tsini mai kaifi, toh ka juya kullin ya kalli waje, sannan ka bi kowanne da fayil ko ka ɗan taɓa shi da zafi ya yi sumul. Fatar da take tashi da ita tun daga hannu har ƙafa take, siririya ce sosai, tsini ɗaya ya isa ya yage ta. In ka gama ka zura hannunka ciki ka shafa ko'ina da bayan hannu, duk inda ya karce ka to ita ma zai karce ta.

Ƙofa ka yi ta babba yadda kafaɗarka zata shiga, kuma murfin ya hau kan bakin ƙofar da kamar inci ɗaya ta kowane gefe. Sakata 'yar turawa bata riƙe su, suna da hannu kamar na mutane har da babban yatsa a ƙafar baya, suna zama su yi ta wasa da sakata har ta buɗe. Ka sa ƙugiya mai sifirin ko ɗan kwaɗo. A ƙasa ka sa raga, ƙarƙashinta da ɗan tazara ka zura tire na roba wanda zaka riƙa jawowa kana wankewa, ka shimfiɗa masa takarda. Dusar katakon da muke zuba wa kaji kada ta matso kusa, musamman ta itacen fain da sida, ƙamshinta yana lalata musu huhu.

Kayan ciki ba su da tsada. Jakar kwana ta yadin bargo mai laushi wanda baya zare, a rataye ta can sama, domin da rana a ciki suke dunƙulewa su yi barci. Tsohuwar safa ko tawul ba kyau, farcensu yana maƙalewa a zare, zaren ya naɗe yatsa ya hana jini gudu har yatsan ya mutu. Rassan hawa kuwa, bishiyar turaren nan da ta cika makarantu da bakin tituna a Arewa ai daga ƙasarsu aka kawo ta, reshenta ya yi daidai, in dai ba a yi masa feshi ba kuma ba daga bakin titi mai hayaƙi ka saro ba. In zaka sa musu wilin gudu ka nemi wanda ba shi da sanda a tsakiya, mai sandar yana naɗe wutsiya.

Kuma don Allah kada wanda ya haɗa keji don guda ɗaya. A daji garke suke zama, manya har bakwai da 'ya'yansu a kogon bishiya ɗaya. Wacce aka bari ita kaɗai tana shiga damuwa har ta fara cizge gashinta tana cizon jikinta. Sannan dare ne ranarsu, ƙarfe biyu na dare zaka ji suna haushi kamar ɗan kwikwiyo suna dirar raga, wanda ya ajiye kejin a ɗakin kwana shi ya sani. Suna kai shekara 10 zuwa 12 a hannun mai kula, ba abin sha'awar wata uku bane.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za a ajiye kejin a gidajenmu. Dabbar nan ta fi jin daɗi a ma'aunin zafi 24 zuwa 27. Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ana haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka, ga wutar NEPA da ba a sa mata rai. Fanka kaɗai ba zata yi ba, in baka da sola ko janareta da zai riƙe esi da rana to ka haƙura kawai, ba abin kunya bane. Lokacin hunturu kuma dare yana yin sanyi da ƙura, sai an lulluɓe kejin an kawar da shi daga taga, in sanyi ya yi mata yawa sandarewa take yi kamar ta mutu. Ga maganin sauro, fiya-fiya da igiyar leƙo da na fesawa, duk a ɗakin da take ba a kunna su ba a fesa su, har turaren wuta ma a yi nesa da ita. Ga mage da ɓera, shi ya sa ragar roba zalla bata dace da gidan da ɓeraye suke ba, ɓera zai huda ta daga waje, sai dai mai ƙarfe a ciki.

Abinci magana ce mai tsawo, amma a taƙaice a daji ruwan bishiya take sha da ƙaro da ruwan fure da ƙwari. Ƙaron da ake haƙilon fitarwa daga Yobe da Jigawa da Borno, irinsa ne masu kiwo a nan suke saya a 'yar leda da tsada. Wanda ya ce ayaba da kankana kawai zai riƙa bata, ƙarancin kalsiyam zai kama ta ƙafafun baya su shanye, ciwo ne sananne a wurinsu.

Masu cewa in saƙo musu ita a aljihun jaka kuma, ku yi haƙuri. Shigo da dabba mai rai Najeriya sai da izinin hukumar NAQS mai kula da killace dabbobi da tsirrai, Ostireliya kanta ta hana fitar da dabbobinta na daji don kasuwanci, ko a Amurka jihohi irin su Kalifoniya da Hawai sun haramta ajiye ta. Malam Edita, in da hali ku gayyato likitan dabbobi daga Zariya ko Sakkwato ya yi wa masu karatu bayani a shafinku na kiwo, ya faɗa mana ko akwai asibitin da zai iya duba irin wannan dabbar in ta kwanta ciwo, domin masu tambayata ba wanda ya taɓa tunanin wannan.

Na gode da fili.

Naka mai karatu,
daga Kuala Lumpur, Malesiya